Tambaya kan dokar kamun kifi da maganin ƙwari a jikin banda

Mai tambaya daga Gombe:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, wace doka ce ta hana zuba guba a ruwa domin kama kifi, kuma wa ke sa ido kan bandar da ake kawowa kasuwanninmu? Sau da yawa ina jin warin fiya-fiya a jikin busasshen kifi.

Masunci daga Dadin Kowa:
Wa alaikumus salam. Malam, dokar kamun kifi a ruwayen cikin gida ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa da lantarki. A madatsar ruwanmu da ke kan kogin Gongola, Sarkin Ruwa da dattawan masunta ne suka fi tsawatarwa, domin guba ba ta bambance babbar tarwada da 'ya'yan karfasa, kuma ruwan nan shi mutane da dabbobi suke sha. Raga mai ƙananan idanu ma ɓarna ce, tunda tana kwashe kifin da bai kai ga yin ƙwai ba.

Ma'aikaciyar lafiya daga Bauchi:
Malam, wannan wari abin tsoro ne. Wasu 'yan kasuwa suna fesa maganin ƙwari na Sniper don hana tsutsa cin banda, alhali hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗin cewa ba a sa shi a abinci. Wankewa da ruwan zafi ba ya tabbatar da fitar gubar. A ganina, idan tarin busasshen kifi yana fili amma ko ƙuda ɗaya bai sauka a kansa ba, gara a ƙyale shi.

Mai tambaya daga Gombe:
Na gode, Hajiya. Zan sanar da shugabannin kasuwarmu.