Gwajin kolestirol na maigida ya fito lafiya amma hankalina ya ƙi kwanciya

Maman_Khadija:
Slm 'yan uwa, don Allah masu sani ku taimaka min. A Bronx muke zaune, maigida tasi yake ja, shekararsa 46, siriri ne ko tumbi bai da shi. Azumin da ya wuce yayansa ya yanke jiki ya faɗi a Kumasi bayan la'asar, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa, shekara 51 kacal, aka ce bugun zuciya ne, kuma babansu ma haka ya tafi bai kai sittin ba. Tun lokacin nake masa magiya, da ƙyar ya yarda aka ɗebi jininsa. Takardar ta ce kolestirol gaba ɗaya 189, LDL (kolestirol marar kyau) 118, HDL (mai kyau) 55, tiraigilisaraid (wani kitsen jini) 80, awon jini kuma 146/92. Ya ninke takardar ya cusa a aljihun mota yace kin gani ko, lafiyata ƙalau. Ni kuwa wlh ko barci bana yi sosai. Wannan gwajin ya isa ko akwai saura?

Nas_Baltimore:
Allah ya jiƙan yayan naku, ya sa ya huta. 'Yar uwa gaskiyarki ne da kika ƙi saki. A ido lambobin basu da muni, ana son jimillar ƙasa da 200, tiraigilisaraid ƙasa da 150, HDL na namiji kar ya gaza 40, LDL ɗin ne ya ɗan haura 100. Amma fa mu baƙar fata sau da yawa haka takardarmu take fitowa da kyau, tiraigilisaraid ƙasa HDL sama, mutum ya koma gida da murna alhali hawan jini na cinsa a ɓoye. Kuma binciken Framingham da aka fara a 1948, wanda aka daɗe ana lissafin haɗarin zuciya da shi, kusan duk fararen fata ne a ciki, sai wajen 2000 aka fara na Jackson a Mississippi kan baƙar fata sama da dubu biyar.

Abin da zan roƙe ki shine ku koma ku ce a yi masa gwajin Lp(a). Baya cikin gwajin da aka saba yi, sai an nema. Wani nau'in kitse ne a jini da ake gada daga iyaye, kusan mutum ɗaya cikin biyar a duniya nasa yana sama, kuma mu 'yan asalin Afirka namu ya fi na sauran jinsi yawa. Rage cin nama ko motsa jiki basa sauke shi wani abin kirki, shi yasa siriri ma yana iya kamuwa. Sau ɗaya a rayuwa ake yi yawanci. Sannan ki tabbatar likita ya rubuta maganar yayan nan, ɗan uwa namiji na jini ya samu ciwon zuciya kafin 55 abu ne da yake canza lissafi gaba ɗaya. Mazanmu basa faɗa, ana tambayarsu sai su ce ba komai.

Baban_Sadiq_Manchester:
Hajiya nan Ingila ma labarin kenan. NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, tana kiran mai shekara 40 zuwa 74 da ba a riga an gano masa ciwon zuciya, suga ko hawan jini ba ya zo a duba shi duk bayan shekara biyar kyauta, amma ni da kaina wasiƙar ta yi wata takwas a kan firij ban je ba, sai da wani ɗan Pakistan da muke sahu ɗaya a masallaci aka yi masa aikin zuciya yana da shekara arba'in da 'yan kai. Su 'yan kudancin Asiya abin ya fi kama su da wuri. Da na je sai na ga har asalin mutum ake tambaya kafin kwamfuta ta fitar da lissafin. Awonmu daban ne da naku, mu jimillar kolestirol ƙasa da 5 ake so, kar ki haɗa lambobin ki rikice. Ni dai manja da man shanu da kayan ciki na rage, manja kusan rabinsa irin kitsen nan ne mai ɗaga LDL, madam ta koma man gyaɗa, dunƙulen magi daga huɗu ya dawo ɗaya. Mai jan tasi kuma ga zama wuri ɗaya awa goma sha biyu ga cin abin da ya samu a hanya, a duba suga ma.

Alhaji_Zango:
'Yata a bashi zoɓo ba suga da tafarnuwa kullum da safe. Ni ƙwayar kolestirol ɗin nan tsoro take bani, ance in ka fara ba ka dainawa kuma tana sa ciwon jiki.

Nas_Baltimore:
Baba Alhaji zoɓon ba laifi ya sha, amma ba zai tsaya a madadin magani ba ga wanda ya rasa uba da wa ta wannan hanya. Sitatin, wato ƙwayar kolestirol ɗin, gaskiya wasu yana sa musu ciwon tsoka, ba kowa ba, kuma in ya faru ana rage shi ko a canza wani, ba wai a watsar a yi shiru ba. Shi Lp(a) ɗin sitatin baya sauke shi, amma in aka ga yana sama sai a matsa wa LDL da hawan jinin lamba tun da wuri. Ni ma 146/92 ɗin nan shi ya fi ɗaga min hankali, shanyewar ɓarin jiki nake gudar masa. Ku sayi na'urar awo, ya dinga gwadawa safe da yamma na sati guda kina rubutawa a littafi, ku tafi da shi.

Maman_Khadija:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Matsalar inshorarsa ta ƙare tun bazara, shi yasa yake noƙewa.

Nas_Baltimore:
Ki nemi NYC Care, shirin kula da lafiya na birnin New York, a Bronx ɗinku aka fara shi a 2019, don marasa inshora aka yi shi kuma ba ruwansu da takardun zama, gwargwadon samun mutum ake biya. Ki je ki ɗauko takardar nan daga mota yau ɗin nan, sannan ki kira Kumasi ki ce sauran ƙannen nasa ma su je a gwada su.