Ɗora tsayin ƙasa kan maki a Civil 3D, manhajar zanen aikin injiniya

Ga abin da 'yan safiyo sunka ce jiya a Sakkwato kan maki (points, wato wuraren da anka auna a fili) waɗanda sunka zo da tsayi sifili. Ka tara su rukuni guda, ka zaɓe su, ka danna Elevations from Surface ka nuna mai shimfiɗar (surface, wato siffar saman ƙasa da ke cikin manhajar), shikenan. Amma fa duk makin da ya faɗa wajen iyakar shimfiɗa ba zai samu tsayi ba, haka wanda anka kulle. Inda anka fi jan kunne shi ne datum, wato tushen awon da ake sanya wuri a taswira da shi; in maki na kan datum ɗin Minna (na Najeriya) shimfiɗa kuma na kan WGS84 (na GPS) to wallahi lissafin magudanar ruwa ya lalace, kuma a tsarin taswira na UTM, Sakkwato cikin yanki na 31 take. In ka gyara shimfiɗa daga baya sai ka sake ɗorawa, tsayin ba ya bin ta da kanshi.