"Babba juji ne": har da wace shara?

Uwar Zumunta: Salama gare ku, 'yan'uwa. Tun lokacin zaɓe dattawan ikilisiyarmu suka rabu biyu, kowa da jam'iyyarsa, kowane ɓangare kuma na zargin fasto da goya wa ɗayan baya. Shi kuwa duk abin da aka faɗa masa, amsarsa ɗaya ce: "Babba juji ne." Wasu sun ce haƙuri ne, wasu sun ce tsoro ne. Ina iyakar wannan karin maganar?

Dattijon Wusasa: 'Yata, cikonta shi ne "kowa ya zo da shara sai ya zuba." Ki buɗe 2 Sama'ila 16. Dawuda na gudu daga Urushalima saboda tawayen ɗansa Absalom. A Bahurim sai ga Shimai, ɗan dangin Saul, sarkin da Dawuda ya gada, yana bin gefen tudu, yana zagi, yana jifa da duwatsu, yana watsa wa sarki ƙura, yana kiransa mai zub da jini. Abishai, jarumin Dawuda, ya ce a bar shi ya je ya fille masa kai. Dawuda ya hana, ya ce ɗan cikinsa ma ransa yake nema, balle wannan mutumin kabilar Biliyaminu. Da ƙura ta lafa, Shimai ya taryi sarki a bakin Urdun tare da mutum 1,000 na kabilarsa, yana neman gafara, sarki kuwa ya rantse ba zai kashe shi ba. Ƙasa a rabe take a lokacin. Da an zub da jininsa, da kabila guda sarki ya rasa, ba mutum ɗaya ba.

Ɗan Kagoro: Baba, a gafarce ni, amma mu koma baya sura uku. Amnon ɗan Dawuda ya lalata Tamar, 'yar'uwar Absalom, Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, sai me ya yi? Ba komai. Absalom ya haɗiye abin shekara 2, sannan ya sa aka kashe Amnon. Daga baya har tsayawa yake a bakin ƙofar birni yana gaya wa masu ƙara cewa sarki bai sa kowa ya saurare su ba. Wutar da ta kori Dawuda zuwa Bahurim, daga wannan shirun ta kama. Shi ma juji za mu kira shi?

Malamar Lahadi: Ni a ganina karin maganar ba ta yi ƙarya ba, mu ne muke ja mata wuya har inda ba ta kai ba. Zagin Shimai a kan Dawuda kansa ya sauka, yana da ikon yafewa. Kukan Tamar kuwa ba nasa ba ne da zai haɗiye. Eli firist ma haka ya yi da 'ya'yansa Hofni da Finehas da suka yi mugunta: ya yi musu faɗa da baki, ya bar su a kan aikin firist. Mama, a duba mene ne fasto yake shanyewa. In zaginsa ne, Allah ya ƙara masa haƙuri. In kuwa an hana gwauruwa taimako ne don ɗanta na wata jam'iyya, wannan ba wurin kawo karin magana ba ne, sai ya tashi tsaye.

Ɗan Kagoro: Na yarda, Malama. Saura ɗaya: a 1 Sarakuna 2, Dawuda yana bakin mutuwa ya bar wa ɗansa Sulemanu wasiyya kada ya ƙyale Shimai. To, yafewa ya yi ko ajiya?

Dattijon Wusasa: Ɗana, wannan wurin yana damuna ƙwarai, ba zan kuma shafa masa mai ba. Dawuda ya cika rantsuwarsa, bai kashe shi da hannunsa ba, amma abin bai bar zuciyarsa ba. Sulemanu ya kafa wa Shimai sharaɗi kada ya fita Urushalima. Bayan shekara 3 ya bi bayinsa biyu da suka gudu zuwa Gat, da ya dawo sarki ya umarci jaruminsa Benaiya ya kashe shi.