Tabo bakwai a jikin ɗana mai wata takwas: tawadar Allah ce ko alamar ciwo?

Maman Sadiƙu, unguwar Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sani game da ɗana, wanda yake da wata takwas. Tun ranar suna aka nuna mini tabo biyu a cinyarsa, shimfiɗaɗɗu, sun ɗan fi sauran fatarsa duhu, kakarsa ta ce tawadar Allah ce. To amma daga wata huɗu zuwa yau sai ƙaruwa suke yi. Daren jiya bayan wanka na haska fitila na ƙirga bakwai, mafi girmansu ya kai faɗin babban yatsana. Ba ya susa, ba ya zazzaɓi, yana shan nono lafiya. Da na kai shi awo, malamar ta rubuta wani dogon suna da Faransanci a karnensa na awo, ta ce in ga likitan yara, amma saboda tsawon layi ba ta yi mini bayani ba. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Maƙwabciyata kuma tana cewa a kai shi wurin wanzami a yi masa tsaga. Mene ne wannan?

Malam Isufu, malamin asibiti

Wa alaikumus salam Maman Sadiƙu, Allah ya raya shi. Ina kyautata zaton abin da aka rubuta shi ne nurofibromatoz, nau'i na ɗaya, ciwon gado da ke sa ƙari ya tsiro a kan jijiyoyin da ke kai saƙo cikin jiki, kuma ana samunsa a wajen mutum ɗaya cikin 3,000. Wani likita Bajamushe, von Recklinghausen, ya bayyana shi a 1882, shi ya sa wasu likitocinmu ke kiransa da sunansa har yau. Tabon kuwa ana ce masa kafe-o-le, wato launin kofi da madara, ko da yake a baƙar fata duhu yake yi, ba haske ba.

Tabo ɗaya ko biyu irin wannan ya yawaita a jikin 'ya'yanmu, kuma ba ya nufin komai. Abin da ke sa likita ya tsaya shi ne idan sun kai shida, kowanne ya wuce milimita 5 a faɗi, wato ya ɗan fi ƙwayar dawa. Ga wanda ya balaga kuwa sai ya wuce milimita 15. Duk da haka tabo kaɗai ba ya yanke hukunci, dole sai an sami alama ta biyu, kamar ƙananan ɗigo-ɗigo a hammata ko matsematsi, waɗanda galibi ba sa fitowa sai yaro ya kai shekara uku zuwa biyar, ko ƙullutu biyu ko fiye masu laushi a ƙarƙashin fata, ko lanƙwasar ƙashin ƙwauri, ko kuma a tarar uba ko uwa na da ciwon. Saboda haka kada ki yi mamaki idan likita ya ce a jira a gani, ba sakaci ba ne. Akwai ma wata larurar gado dabam, mai suna Legius, wadda ke kawo irin wannan tabo ba tare da ƙari ba.

Ina roƙonki da girman Allah kada a tsaga shi, kada a shafa masa man canza fata. Tabon ba ya ciwo, ba ya rikiɗa ya zama daji, ba ya yaɗuwa ga wasu. Abin da muke tsaro yana wani wurin: ido da ƙafa. Wasu yaran ƙari kan fito musu a jijiyar gani tun kafin shekara bakwai, jariri kuma ba zai ce miki ganinsa ya ragu ba, don haka a kai shi wurin likitan ido aƙalla sau ɗaya a shekara, a riƙa auna kansa da hawan jininsa. Idan kin ga ƙwaurinsa ya lanƙwashe, ki kai shi tun kafin ya fara tsayuwa, domin irin ƙashin yana saurin karyewa kuma yana wuyar haɗuwa, ba aikin maɗori ba ne.

Baban Nana, Tibiri

'Yar'uwa, ni da ciwon nake rayuwa, shekarata 41, ina ɗinki, ina da 'ya'ya huɗu. Ƙullutun jikina sai da na balaga suka fara fitowa, amma tabon tun ina goye. Har yanzu akwai sawun aska tara a bayana, tabon kuwa yana nan daram a ƙarƙashinsu. Abin da ya fi ci mini rai a ƙuruciya shi ne yadda aka hana yara cin tuwo tare da ni, wai kuturta ce, alhali tabon kuturta haske yake yi kuma ba a jin taɓi a wurin. Cikin 'ya'yana mace ɗaya ce ta gado. An gaya mini kowane ciki rabi da rabi ne. Karatu ya ɗan yi mata nauyi, sai muka yi wa malaminta bayani, ya dawo da ita layin gaba, ta kuwa ɗago.

Hajiya Rabi, unguwar Ali Ɗan Sofo

Ɗiyata, ki ɗauki hoton kowane tabo da waya, da rana, ki ajiye ma'aunin tela a gefensa, ki maimaita duk bayan wata uku. Likita zai fi gane ƙaruwarsu a hoto fiye da bayanin baki. Kuma kada ki bari dangin miji su ɗora miki laifi, domin wajen rabin yaran da ke da shi babu wanda suka gada, ciwon daga kansu ya fara.

Maman Sadiƙu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna da ma'aunin ɗinki, shida daga ciki sun wuce milimita 5. Ƙwaurinsa biyu a miƙe suke, alhamdu lillahi. Sai dai da na karanta wa babansa amsoshinku, ya yi shiru, daga baya ya ɗaga riga ya nuna mini ɗigo-ɗigo a hammatarsa da ƙullutu biyu a kwiɓinsa, waɗanda ya ɗauka maiƙo ne. Ranar Litinin za mu je tare. Malam Isufu, shin likitan yaran zai iya duba baban a nan take, ko kuwa sai mun nemi likitan fata dabam?