Tayar Hilux ta tsage a gefe: in yi faci, in sayi ɗaya, ko in canja biyu?

Manomin Kadawa

Assalamu alaikum. Jama'a, shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar taya.

Hilux gare ni mai ƙofa huɗu, mai fo-wil (giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja tare), da ita nake zirga-zirga tsakanin Kano da gonar shinkafata a Kadawa. Ranar Talatar nan na ɗauko taki daga gari, na sauka daga kwalta na bi burjin bakin kanal, ashe akwai guntun rodi da ya leƙo a bakin wata kwalbati. Ban ankara ba sai na ji bayan mota ya zauna. Tayar baya ta hagu ce. Kuma ba a kan zane ya huda ta ba, a gefe ya kama ta, daidai wajen rubutu, ya tsaga ta kusan tsawon yatsa. Muka sauke rabin takin, muka sa jak, na ɗaura safaya na ƙarasa.

Mai facin da na kai wa ya ce wannan ba komai ba ne, zai yi mata facin wuta ya zura tif a ciki, ta ƙara shekara tana aiki. Ni dai raina bai kwanta ba.

A jikin tayoyin an rubuta 265/65R17 112S. Sauran ukun zanensu ya ci kamar rabi, babu mai kumburi a ciki. Safayar kuwa tun da na sayi motar ba ta taɓa taka ƙasa ba sai ranar, zanenta sabo fil. Da damina hanyar gona taɓo ce mai santsi, da rani burji da ƙaya, amma mafi yawan tafiyata a kan titin Zariya take. Ina ɗaukar taki, ina ɗaukar shanshera, wani lokaci injin ban-ruwa da ma'aikata.

To, in yarda da facin? In ban yarda ba, guda ɗaya ta isa in haɗa ta da safayar, tunda ita ma sabuwa ce? Sannan wani abokina yana ta matsa mini in koma 265/70R17 mai manyan haƙora, wai motar za ta ƙara tsayi ta daina maƙalewa. Kuɗin hannuna ba su kai na sababbi huɗu ba, girbi da saura. 'Yar Beljiyam mai babban suna ta fi, ko sabuwa 'yar China?

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka yarda da facin nan. Gefen taya shi ne wurin da ke lanƙwasawa yana miƙewa duk juyin da ƙafa ta yi, kuma zaren da ke riƙe da ita ya riga ya tsinke a wurin. Tif iska kawai zai riƙe, ba zai mayar da zare ba. A gari, babu kaya, za ta iya yaudararka wata biyu. Ranar da ka loda shanshera ka hau kwalta da rana tsaka, ranar za ta yi bindiga, kuma ƙafar baya ce. In ta baya ta fashe kana gudu da lodi, wutsiyar mota ce ke juyawa, sitiyari ba ya jin magana.

Ka bar wa mai facin ita, ko ka kai gona a yanka a yi wa dabbobi abin shan ruwa.

Safayar da kake cewa sabuwa, zane ka gani. Je ka duba shekarunta tukuna.

Mai Taya Ƙofar Ruwa

Alhaji, Allah ya ƙara tsarewa. Baba ya gama magana kan faci, abu ɗaya zan ƙara: hujin da ake gyarawa shi ne wanda ya tsaya a kan zane, faɗinsa bai wuce milimita 6 ba, irin na ƙusa, kuma a cire tayar daga wili a liƙe ta ciki. Duk abin da ya sauka kafaɗa ko gefe ya fita daga gyara.

Ni sayar da taya nake yi, don haka ka auna maganata da wannan. Amma ga abin da zan duba da motata ce.

Lambar da mutane suka fi mantawa a cikin abin da ka rubuto ita ce ta ƙarshe, 112S. Kowa 265/65R17 yake haddacewa ya zo kasuwa. 265 faɗin taya ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, 17 kuma girman wili ne a inci. Wannan duk don ta zauna a motar ne. 112 ita ce ke faɗa maka nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka, kilo 1,120. Da 110 ce, kilo 1,060 ke nan. S kuma iyakar gudu, kilomita 180 a awa, wanda bai dame ka ba. Kai mai ɗaukar taki, buhu 20 na kilo 50 tan guda ne cif, kusan iyakar abin da aka ƙera Hilux ta ɗauka ke nan, har da mutanen da ke ciki, kuma yawancin nauyin a kan ƙafafun baya biyu yake sauka. Saboda haka ko wace iri ka zaɓa, kada lambar nan ta gaza 112. Ta fi haka babu laifi.

In ka samu wadda aka fara rubutunta da LT, kamar LT265/65R17, ita ce aka yi don akori-kura mai lodi. Jikinta ya fi kauri, lambar nauyinta ta fi girma, ƙaya da dutse ba sa cin ta da sauƙi. Amma ta fi tsada, ta fi nauyi, in babu kaya za ka ji motar tana buga ka, kuma tana son iska fiye da wadda ka saba sa wa. Ga mai hanya irin taka ni ina ganin ta biya kuɗinta.

Maganar shekaru da Baba ya taɓo: nemi inda aka rubuta DOT a gefen taya, ka bi haruffan har ƙarshe, za ka ga lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga lambar, in ba ka gani a waje ba ka leƙa ta ciki. Safayar Hilux a ƙarƙashin bodi take rataye, tana shan zafin kwalta da ƙura da ruwa shekara da shekaru. Roba tana bushewa ko ba a mora ta ba. Ka duba tsakanin zanen da gefen wili, in ka ga ƙananan tsage-tsage, ta gama, ko da gashin sabunta na nan a jikinta.

Batun haƙora kuwa, iri uku ne za ka tarar. H/T ta kwalta ce, shiru gare ta, ba ta shan mai, amma taɓo na cika zanenta ta koma sumul. M/T ta taɓo ce zalla, mai manyan haƙoran da abokinka yake so. A titin Zariya za ta yi ta gurnani, ta ƙara maka shan mai, kuma in an yi ruwa birkinta a kwalta bai kai na sauran ba. A/T tana tsakiya, ita ce taka. Kusan kowane kamfani yana da ita: Bridgestone na da Dueler, Dunlop na da Grandtrek, Yokohama na da Geolandar, BFGoodrich na da KO2, Maxxis da kamfanonin China irin su Linglong da Triangle su ma suna yi. Sai dai ka lura, sunan kaɗai bai isa ba, domin Dueler ko Grandtrek akwai ta kwalta akwai A/T, sai ka karanta jikinta.

A taƙaice, biyu sababbi iri ɗaya, ka sa su a baya. Daga tsofaffin ukun ka zaɓi biyu mafi kyau su zauna a gaba, ta ukun ta zama safaya.

Ɗan Panteka

Ni fa ban yarda a yi ta tsorata mutane da Beljiyam ba. Ba kowa ke da kuɗin sabuwa ba. Na sha sa Beljiyam mai babban suna ta fi wata sabuwar mai arha daɗewa. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙerawa a Legas a 2008, ai kusan duk tayar da muke sawa daga waje take zuwa, dala ce ke yanka farashi. Talaka ya yi yaya?

Abin dai mutum ya iya zaɓe. Ka sa a ba ka ita ba a kan wili ba, ka zura hannu ka shafa cikinta ko'ina. In ka ji faci, ko ka ga garin roba baƙi a ciki, an taɓa tafiya da ita babu iska, ajiye ta. Ka duba kwanan wata. Ka guji ta ƙasar sanyi, wadda zanenta ke cike da ƙananan yanka-yanka kuma aka rubuta mata sunan hunturu a jiki, robarta taushi gare ta, zafinmu cinye ta yake yi. In ka bi wannan za ka samu mai kyau.

Mai Taya Ƙofar Ruwa

Ɗan'uwa, duk abin da ka lissafa daidai ne, kuma da motar shiga gari ce da ban ja da kai ba. Amma akwai abin da hannu ba ya ji. Ana cusa taya uku ko huɗu a cikin juna don a rage wuri a kwantena, wayar bakin taya ta lanƙwashe, ba za ka sani ba sai ta fara sace iska ko ta fito da ƙulu. Kuma tsohuwar taya tana cikin jerin kayan da Kwastan suka hana shigowa da su, ka ga ta ɓarauniyar hanya take zuwa, babu wanda za ka riƙe in ta ba da matsala. Ga wahalar samun biyu iri ɗaya masu shekara ɗaya da cin zane ɗaya. Mai ɗora tan guda a bayan mota a watan Afrilu, ni sabuwa 'yar China mai 112 da kwanan wata na bana zan ba shi kafin babban suna mai shekara bakwai.

Injiniya Bichi

Malam, bari in taɓa maganar abokinka, don ban ga wanda ya yi lissafin ba.

265/65R17 tsayinta gaba ɗaya kusan milimita 776 ne. 265/70R17 kusan 803. Bambancin milimita 27 ne, amma motar rabin wannan kawai za ta ɗagu, wato bai kai santimita ɗaya da rabi ba. Wannan ba zai fitar da kai daga taɓon Kadawa ba, zane ne ke fitarwa. Abin da za ka samu shi ne agogon gudu ya riƙa nuna 100 alhali kana kan 103, motar ta ɗan yi nauyin tashi in da lodi.

Babbar matsalar ita ce ba za ka iya canja biyu kawai zuwa wannan girman ba. Fo-wil ɗin Hilux in ka sa shi, gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya tare. In tayoyin baya sun fi na gaba girma da kashi uku cikin ɗari, ƙarfen da ke tsakaninsu ne zai sha wahalar, har ka ga giyar fo-wil ta ƙi fita. Ke nan sai ka sayi huɗu, da safaya biyar, kai kuma ka ce kuɗin huɗu ma babu. Ka zauna a girmanka.

Sabuwa da mai rabin zane masu girma ɗaya, bambancinsu 'yan milimita ne. Tsakanin gaba da baya wannan ba zai dame ka ba, muddin a taɓo ko yashi kawai kake sa fo-wil, ka cire shi da zarar ka hau kwalta. Abin da ba na so shi ne sabuwa a hagu, tsohuwa ko mai wani zane daban a dama, a kan aksil ɗaya. Riƙonsu ba zai zo ɗaya ba in ka taka birki a jiƙaƙƙen titi.

Sai iska. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi, ta faɗi gejin da za a sa in babu kaya da wanda za a sa in da lodi. Da ita za ka yi aiki, ba da lambar da ke jikin taya ba, waccan iyaka ce. In LT ka saya, mai sayarwa ya gaya maka abin da za ka ƙara. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, kuma in ka tsaya a hanya ka ga gejin ya hau, kada ka sace iskar, zafi ne, za ta koma. Ka sayi geji naka ka ajiye a mota. Ka sa a canja bawul (bakin da ake bugun iska) a yi balansin (daidaita nauyin taya a kan wili), a duba alaimen (saitin ƙafafu) tunda ƙafar ta daki kwalbati.

Ummu Khalil

Tambaya a kan tambaya, ku yi haƙuri. 'Yan Road Safety suna cewa taya shekara huɗu take yi daga ranar da aka ƙera ta. Wanne za mu bi ke nan?

Injiniya Bichi

Hajiya, haka suke faɗa a wayar da kan da suke yi. Kamfanonin taya sun fi sassauci, Michelin misali cewa yake in ta kai shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko yaya zanenta yake. Da zafin ƙasarmu da ramukan titi, ni na fi karkata ga ƙaramar lambar, musamman ga motar lodi. Shi ya sa ko sabuwa za ki saya a shago, kada ki karɓi wadda ta riga ta shekara biyu a ajiye.

Manomin Kadawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na shiga ƙarƙashin mota da fitilar waya kamar yadda kuka ce. Safayar 4116 ce, kuma ga tsage-tsagen nan a zagayen wili. Sauran ukun duk na 2022 ne.

Maganar faci ta mutu, ta manyan haƙora ma haka. Gobe in sha Allahu zan shiga kasuwa in nemo A/T biyu a girmana, in LT ta shiga kuɗina ita zan ɗauka, in ba ta shiga ba kowace mai 112 ko sama da haka ta bana. Su zauna a baya, ta bayan dama ta koma safaya, sai bayan girbi in canja na gaba.

Mai Taya, saura abu ɗaya. Kafin lokacin, in baya LT ce gaba kuma irin tsofaffin nan, gejin gaban in bar shi yadda takardar ƙofa ta ce, ko shi ma sai an taɓa?