Shawara nake nema: digiri na uku kan haidirojin mai muwon a Suwizalan, in tafi ko in haƙura?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a sashen fiziks na wata jami'a a nan arewa, kan leza na yi digirina na biyu. Wata tawaga da ke aiki a cibiyar Paul Scherrer, wato PSI, da ke Villigen a Suwizalan, ta ba ni gurbin digiri na uku. Aikinsu haidirojin mai muwon ne: muwon, wata ƙwayar zarra mai kama da ilektiron amma ta fi shi nauyi, ya ture ilektiron ya zauna a gurbinsa, sai a haska atom ɗin da leza a auna ratar matakan kuzarinsa. Ni wajen lezar za a sa ni, mai zangon kusan maikiromita 6.8, don auna rabuwar matakin ƙasa. Abu biyu ke damuna. An ce injin da ke samar da muwon ɗin ba ya aiki duk shekara, kuma tawagogi ne a layi. In shekara huɗu ta cika ba mu ga komai ba, da me zan rubuta kundi? Sannan albashin ɗalibi zai riƙe ni da mai ɗakina da yaro ɗaya? Ɗaya zaɓin fiziks na asibiti ne a Malesiya. Ƙarshen wata suke jiran amsa.

Sarkin Yaƙi:
Wa alaikumus salam. Suwizalan fa ka ce! Malam, wace shawara kuma? Ɗauki jakarka.

Maman Sadiq:
Allah Ya sanya alheri. Ka fara da istihara, sannan ka ji ta bakin iyaye.

Malam Nazari:
Ƙanena, bari in faɗa wa jama'a girman abin da aka ba ka. Muwon ya ninka ilektiron nauyi sau 207, shi ya sa yake zagaya furoton kusa-kusa, kusan sau 186 fiye da yadda ilektiron ke yi. Yiwuwar a same shi cikin furoton ɗin kansa ta ƙaru sau miliyoyi, don haka girman furoton yana fitowa ɓaro-ɓaro a matakan kuzarin. Da wannan ne tawagar Randolf Pohl, a PSI ɗin nan, ta girgiza duniya a 2010: suka auna girman furoton daga tsakiya zuwa gefe suka sami femtomita (ma'aunin tsawo na ƙananan abubuwa irin furoton) 0.842, alhali abin da kowa ya riƙe a lokacin 0.877 ne. Shekaru aka kwashe ana musu, wasu har suna zaton sabon ƙarfi aka gano. A 2019 gwajin PRad a cibiyar Jefferson Lab ta Amurka ya ba da 0.831, na Jami'ar York a Toronto ya ba da 0.833, masu muwon suka yi gaskiya. Irin wannan gida ba a ce masa a'a.

Baban Khalifa:
Malam Nazari, ka faɗi daɗin ka bar ɗacin. Waɗannan mutanen sun nemi layin, wato daidai zangon lezar da atom ɗin zai amsa, a 2003 ba su gani ba, sun sake a 2007 ba su gani ba, sai 2009. Ka tambayi kanka ɗaliban da suka shigo suka fita a tsakanin nan yaya suka ƙare.

Ni na ɗanɗana. Ba zan ambaci wurin ba, wata cibiya ce a Turai, gwajinmu ma da muwon ne. Shekarar farko muka yi ta haɗa kaya. Ta biyu aka ba mu 'yan makonni, muka shiga, sai ga iska tana tsiyaya cikin bututun da ya kamata ya zama fanko. Kafin a gano inda take shiga rabin lokacin ya tafi. Ina tuna dare, ni kaɗai a ɗakin lura, sanye da rigar sanyi biyu, ga shayi ya huce, ina kallon lamba ɗaya a fuskar kwamfuta ta ƙi motsi har na yi asuba a bayan akwatunan waya. Shekara ta uku kwamiti ya ba wata tawaga lokacinmu. Ta huɗu kuɗi ya ƙare. Mai duba aikina ya ce in rubuta kundi da kwaikwayon kwamfuta, shi kuma ya koma wata jami'a, saƙo sai ya yi wata bai amsa ba. Na gama dai, amma da bashi na dawo, kuma aurena bai kai ƙarshen tafiyar ba.

Maman Sadiq:
Innalillahi. Allah Ya musanya maka da mafi alheri.

Sarkin Yaƙi:
Wai muwon ɗin nan tsawon ransa nawa ne?

Malam Nazari:
Maikirosakan 2.2.

Sarkin Yaƙi:
To ai ya fi wutar unguwarmu daɗewa.

'Yar Zazzau:
Ɗan Fagge, maganar kuɗi. Na zauna a Zurik. Ɗaki ɗaya a gidan haɗaka faran 1,100 nake biya, inshorar lafiya dole ce, ta haura 300 a wata ga kowane babba. Da iyali ba ka isa ba, sai dai ka fara tafiya kai kaɗai.

Injiniya B.:
Hajiya, wa ya ce ya zauna a Zurik? Brugg ko Baden, garuruwan da ke kusa da PSI, ake zama, ko ƙauyukan da ke gefen kogin Aare. Ni 650 na biya. Cefane kuma tsallakawa ake yi Waldshut ta Jamus, ga ta nan kusa. Sai dai nama kilo ɗaya aka yarda mutum ya shigo da shi a rana ba haraji, in za ka sayo na halal ka tafi da madam da yaron, kilo uku ke nan.

'Yar Zazzau:
650 a wace shekara, Injiniya? Kuma ɗakin gwauro kake faɗa. Mai mata da yaro, hukuma sai ta ga gidan da ya ishe su kafin ta ba su izinin zama. Ƙasa da 1,600 ban ga inda zai samu ba.

Na Maraɗi:
Faran 1,600 kawai? Mu nan ai jika ɗaya da 'yan kai ne, kuɗin shayi da burodi. Ku ba shi gida biyu, ni zan biya.

Injiniya B.:
Ba sefa ba ce, mutumin Nijar.

Baban Khalifa:
Duk ku bar lissafin haya. In kwangila ta ƙare aiki bai ƙare ba, ko ɗakin 650 ɗin da me zai biya? Kashi ɗaya cikin ɗari na muwon ɗin ne kawai ya faɗa matakin da suka haska a 2009, kuma ko a kan layin, abin da suke ƙirgawa bai kai goma a awa ba. Wannan ne aikin. Jira ne.

Malam Nazari:
Yaya, da girmanka, amma naka ba dokar duniya ba ce. Wannan tawagar dai ta fitar da sakamakon awon diyuteriyom (haidirojin mai nauyi) a 2016, ta fitar da na hiliyom a 2021. Kuma shi leza zai gina. Mai gina leza kundinsa na hannunsa ko an ga layi ko ba a gani ba, kamfanoni ma rububinsa suke yi.

Baban Khalifa:
Malam, ka taɓa kwana a ɗakin gwaji? Kai lissafi kake yi a allo.

Malam Nazari:
Ba don masu allo ba, lambar da kuka auna ba ta zama girman furoton. Mu ke cire muku sauran gyare-gyaren.

'Yar Zazzau:
Ku biyun ba wanda ya yi aiki a PSI ɗin. Ni aƙalla na hau motar da ke zuwa ƙofarta.

Sarkin Yaƙi:
Ni ko Legas ban wuce ba, amma na ce ya tafi.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Amma ba wanda ya taɓo min Malesiya. Kuma an ce PSI ba ta ba da digiri da kanta, sai an yi rajista a jami'a kamar ETH ta Zurik. Kwangilar tawa da wa za ta kasance?

Injiniya B.:
Gaskiya ne ba ta bayarwa. Kwangila kuwa ka tambaye su a rubuce. Ka kuma tambayi watannin farkon shekara da ake rufe injin don gyara, a ina za ka yi su. Tukuna ma, jami'arka ta sake ka?

Ɗan Fagge:
Na miƙa takardar neman hutun karatu. Tana ofishin shugaban tsangaya.

Abu Maryam:
Tab! A nan gizo ke saƙa. Tawa sai da gurbin ya kusa ƙwacewa ta fito, wai kwamiti bai zauna ba. Da ta fito aka ce in kawo mutum biyu masu babban matsayi su tsaya min, in sa hannu zan dawo in yi ninkin shekarun. Ina sauka can aka tsayar da albashina, wai sunana bai bayyana wajen tantance ma'aikata ba. Ta yaya zan bayyana ina wata nahiya da izininsu?

Maman Sadiq:
Maigidana ma haka. Har yau ariyas ɗin ba su fito ba.

Abu Maryam:
Kuma ka dawo ka yi me? Akwai na'urar tantance haske a sashenmu, tun zuwanta tana cikin kwalinta, an ɗora mata tsofaffin takardun jarrabawa. Mai makullin ɗakin ya yi ritaya.

Na Maraɗi:
Ku aƙalla kun ga kwalin.

Baban Khalifa:
Ni da na dawo, darasin 'yan aji ɗaya aka ba ni, ɗalibai sun cika zaure har taga, ba lasifika. Abu Maryam, su waye suka tsaya maka? Ƙanena na nema, duk wanda ya je wa sai ya ce ya riga ya tsaya wa wani da bai dawo ba.