Abin da aka tattauna kan fim ɗin Ironiya Sudby

Jama'a, ga shawarwarin da na tattaro daga waɗanda suka tattauna kan wannan fim na Tarayyar Sobiyet, don mai son kallonsa karon farko.

1. Kowa ya yarda a ware masa lokaci. Kashi biyu ne, kusan awa uku. Eldar Ryazanov ya ba da umarni, an fara nuna shi a talabijin ɗin Tarayyar Sobiyet ranar 1 ga Janairu 1976.

2. A fahimci tsarin gidajen zamanin kafin a fara. Likita Zhenya ya bugu a gidan wanka a Mosko, aka saka shi jirgi zuwa Leningrad. Can ya tarar da titi mai suna ɗaya da nasa, gida lamba 25, ɗaki na 12 kamar nasa na Mosko, har mukullinsa ya buɗe ƙofa. Wanda bai san yadda aka riƙa gina gidaje iri ɗaya ba zai ɗauka ƙarya ce.

3. A kalla da muryoyin asali da fassara a ƙasa. Barbara Brylska 'yar Poland ce ta fito a Nadya, mai ɗakin da Zhenya ya shiga, Valentina Talyzina ta yi mata magana, Alla Pugacheva ta rera waƙoƙinta. Andrey Myagkov kuwa, wanda ya fito a Zhenya, Sergei Nikitin ne ya yi masa waƙa.

An rabu kan Ippolit, saurayin Nadya, wanda Yuri Yakovlev ya fito a matsayinsa. Wasu sun ce mai kishi ne kawai. Wasu sun ce shi aka zalunta, ya zo da turare kyauta ya tarar da baƙo kwance. Ni ma tausayinsa nake ji sosai.

Da yawa sun ce kada a kalla da yara saboda shan giya. Game da ci gaban fim ɗin da aka yi a 2007, mafi yawa sun ce a fara ganin na asali.